Kafin ka hau tudun Ingila da kare, fara tambayar inda tumaki suke

Ƙannena da kuka zo Birtaniya karatu ko aiki, na ga da yawanku kun fara sha'awar hawan tsauni ranar hutu, wasu har da kare. Ni maƙwabtaka ce ta haɗa ni da kare. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya a Manchesta aka yi wa aiki a gwiwa, karenta kuma irin na kiwon nan ne mai baƙi da fari, wanda in bai yi gudu ba ba ya samun natsuwa. Na ɗauki nauyin fita da shi har ta warke.

Wata Asabar a tsakiyar Afrilu na shiga jirgin ƙasa da shi zuwa ƙauyen Edale, a yankin Peak District, da niyyar hawa Mam Tor, tudu mai tsayin mita 517. Hotuna na gani a waya suka burge ni, shi ke nan na zaɓi hanya. Ban buɗe taswira ba, ban tambayi kaina wane wata ake ciki ba. Da muka yi nisa a gangaren, na duba gabas da yamma ban ga dabba ko ɗaya ba, sai na kwance masa igiya.

Ba a yi minti biyar ba ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai, cikinsa ya kusa taɓa ƙasa, idonsa a kafe wuri ɗaya. Duk yawon da muka yi a cikin gari ban taɓa ganinsa haka ba. Kafin in buɗe baki ya cilla. Ashe bayan wani ɗan tudu tumaki ne wajen goma suna kiwo. Na kira sunansa har muryata ta dushe, iska tana kwashe kiran. Garken ya watse, wata tunkiya mai tsohon ciki ta nufi gangare, ta zame, ta faɗa wani rami a rigingine, ƙafafu huɗu a sama. Bai cije ta ba. Zagaya ta kawai yake yi yana haushi lokacin da na cafke shi.

Mai tumakin ya iso kan babur mai ƙafa huɗu. Bai ɗaga mini murya ba. Ya birkito ta, ya tallafe ta da gwiwarsa har ƙafafunta suka yi ƙarfi, sannan ya nuna mini fentin da ke gadon bayanta, ya ce alamar an yi mata hoton ciki ne, tagwaye take ɗauke da su. Ya ce tunkiya mai ciki in ta faɗi a rigingine ba ta iya tashi da kanta, ciki ya kumbura, ta mutu cikin sa'o'i. Na bar masa lambata. Bayan kwana huɗu ya kira ni: ta yi ɓari. Na biya abin da ya ce, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na tashi a gidan da ake kiwon tumaki. Na san yadda mahaifiyata take kwana a tsaye in tunkiyarta za ta haihu. Da a gida ne, ba zan taɓa sakin kare kusa da garken wani ba.

Don haka duk wanda ya ce muku karensa ba ya cizo, ku ce masa ba sai ya yi cizo ba. Kora kaɗai ta isa ta sa ɓari, ta raba ɗan rago da uwarsa ya mutu da sanyi. Hali zanen dutse ne, kare mai ladabi a falo wani abu ne daban in ya shaƙi warin tunkiya.

Doka ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A Ingila da Wales, dokar shekarar 2000 da ta buɗe wa jama'a tsaunuka ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da dabbobi kuwa kowane wata ne. Tun 1953 laifi ne karenka ya kori dabbobin wani, dokar 1971 kuma ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa garkensa alhali ba wata hanyar tsayar da shi. A Sukotland, tun 2021, tarar tana iya kai fam 40,000 ko ɗaurin wata 12.

Yanzu a gida nake zaɓen hanya, da taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000 a gabana, domin ita ce ke nuna katangun gonaki da siraran baƙaƙen layuka. Inda na ga layukan sun yi yawa a gindin tudu, na san ƙananan filaye ne da ake sauko da tumaki su haihu, daga Maris zuwa Mayu ba na bi ta nan da kare. Can sama inda aka shafa ruwan ɗorawa a taswirar fili ne buɗaɗɗe, tumaki suna warwatse a cikinsa, suna kwance a ramuka da bayan duwatsu. Rashin ganinsu ba ya nufin ba sa nan. Katanga kuma tana zuwa da tsanin katako da ake haurawa, kare da yawa ba sa iya hawansa, sai ka ɗaga jiƙaƙƙen kare mai kilo 20 a kafaɗa.

A watannin haihuwa na fi bin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa irin Monsal Trail, mai kusan kilomita 14, ko dazukan itatuwa irin Whinlatter da Grizedale a yankin Lake District. Tsauni mai tsayi ina barinsa sai ƙarshen bazara, shi ma da igiya.

Wuri ɗaya ne ake sakin igiya: in shanu suka taso muku, musamman masu 'yan maruƙa. Karen suke nema, ka sake shi ya tsere, kai ka nufi ƙofa mafi kusa. Kashin da karen ya yi kuma ku kwashe a leda ku tafi da shi, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa shanu ɓari, da ƙwan tsutsa mai illa ga tumaki.

Afrilun da ya biyo baya na sake fita da shi, dattijuwar ta warke amma tudu ya fi ƙarfinta. Mun iso wata ƙofar gona, na leƙa na ga 'yan raguna biyu kwance a jikin katanga, cibiyarsu ba ta bushe ba. Hanyar ta halatta, igiya tana hannuna. Na ja shi muka juya, muka bi titin mota zuwa tasha.