Laraba a Garwa: mun karɓo sakamakon Maman Ummi

Jiya ban yi barcin kirki ba. Na dawo daga sallar asuba na tarar Maman Ummi har ta sa hijabi, tana zaune bakin gado da katin awo a hannu. Cikinta wata shida da 'yan kwanaki. Mako biyu ke nan da aka ce mata tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, aka sake ɗibar jini don a ƙirga yawan ƙwayar cutar. Yau aka ce mu koma.

Inna ta tare mu a tsakar gida da kwanon jiƙo. "Shawara ce fa, ku daina kai wa asibiti kuɗinku. Shanye wannan, ta bi fitsari ta fita." Na ce, "Inna, a yi haƙuri mu ji ta bakin likita tukuna." Ta kama haɓar surukarta ta leƙa idonta, fari tas, ta ce ita ma dai ba ta ga shawarar ba. Ai nan gizo ke saƙar. Ciwon nan sai ya shekara 20 ko 30 a jikin mutum, ba rawayar ido, ba zazzaɓi, yana cin hanta a ɓoye.

Na goya ta a mashin muka tafi a hankali. Layi ya yi tsawo, sai wajen sha ɗaya aka kira mu.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ƙwayar ta haura 200,000 a ma'auninsu, don haka da cikin ya kai mako 28 za ta fara shan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, har ta sauka. Sai ta juya bayan takardar ta zana 'yan da'ira goma, ta soke tara da biro. Ta ce jariran da suka kamu lokacin haihuwa ke nan, tara cikin goma cutar na zama a jikinsu. Babba kuwa in ya kamu, ko biyar cikin ɗari ba su kai ba waɗanda take zaunar wa. Abin da zai tsare jaririn shi ne allurar rigakafi cikin awa 24 da faɗowarsa duniya, sannan sauran a mako 6, 10 da 14. Ta nanata awa 24 ɗin har sau uku, tana kallona ni, ba mai cikin ba.

Maman Ummi da tun shigarmu ba ta ce uffan ba ta ɗago kai. "Likita, zan iya shayarwa? Kuma sai an ware mini kwano?" Ashe abin da ke cinta ke nan kwana da kwanaki, ban sani ba. Likitar ta ce ta shayar da abinta, ta ci tuwo kwano ɗaya da kowa. Jini ne hanyarsa, da haihuwa, da kwanciyar aure. Ni gwajina bai nuna komai ba, allura uku za a yi mini. Sai a 2005 Kamaru ta sa wannan allura cikin rigakafin yara, mu kuwa lokacin mun riga mun girma.

Ina jiran magani na yi ta karatu a waya. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya fara gano alamar ƙwayar a jinin wani ɗan asalin Ostireliya a shekarun 1960, ba ma ita ya fita nema ba. Ya samu kyautar Nobel a 1976, ranar haihuwarsa kuma, 28 ga Yuli, ita aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya. A Gambiya aka fara babban binciken yi wa jarirai allurar tun 1986, aka ci gaba da bin yaran har suka zama magidanta. Abin ya ɗan ɓata mini rai. Ilimin ya girme ni da aure, ya kusa girmata da shekaru, amma sai yau ya iso kunnena. Nau'in C da aka gano a 1989 yanzu mako 12 ana shan magani ya warke. Namu B danne shi kawai ake yi. Wani ɗan Cadi da ke kusa da ni ya sa baki, ya ce a Am Timan a 2016 nau'in E ne ya addabe su, na gurɓataccen ruwa, masu ciki ya fi kayarwa. Duk mu dai shawara muke ce musu.

Da la'asar na leƙa rumfa, na kasa sakewa. Likitar ta ja kunne kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna: akwai guba a ciki, in ta haɗu da wannan ciwo kansar hanta ba ta nisa. Ni kuwa gyaɗa nake sayarwa. Wadda ta yi baƙi-baƙi a gindin buhu, mun san inda muke kai ta, masu ƙuli-ƙuli ke kwasa da araha. Akwai rabin buhu a lungu, na daɗe ina kallonsa. Na tuna Yaya, Allah ya jiƙansa, da cikinsa ya kumbura kafin ya cika 40, aka ce sammu ne. Ko gwaji ɗaya ba mu yi masa ba.

A hanya na biya wurin Baba wanzami. Na ce ranar suna da sabuwar reza zan zo masa. Ya ce askar nan ita ta aske ni, ta aske ubana. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, shi ya sa ya kamata ta huta." Ya yi dariya, bai dai ce e ba.

Bayan isha'i na zauna da Inna, don ita ce mai wuyar. Ummi a ɗakinta aka haife ta, kuma a wurinta jariri ba ya leƙa waje kafin suna. Na ɗauko takardar na nuna mata da'irorin nan tara da aka soke. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "Awa nawa ka ce?" Na faɗa mata. Ta ce to a haihu a can, amma ƙafarta ƙafar surukarta, kuma ruwan wanka ba mai hana ta dafawa.

Gobe da safe zan kai Ummi a ɗebi nata jinin. Na yi mata alkawarin alewa.