Nema wa jami'a kuɗi: abin da nake yi tsakanin gidauniya da gidauniya

Idan na ce aikina nema wa jami'a kuɗi da kula da tsofaffin ɗalibai, sai a zaci kullum ina zauren taro, ana kiran sunayen alhazai a lasifika ana tafi. Wannan taron sau ɗaya ne a shekara, in ma an yi, kuma ba duk alƙawarin da aka ɗauka a bainar jama'a ke isa asusu ba. Ainihin aikin rajista ce da waya: wa ya gama a wace shekara, ina yake yanzu, wa 'yan ajinsu ke jin maganarsa.

Mu a Katsina lissafinmu daban yake da na Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, ta tara tsofaffin gwamnoni da ministoci. Namu kuwa duk yara ne: Al-Qalam 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa 2006, ta Dutsin-Ma 2011. Wanda ya fita a sahun farko, yanzu yake fama da ginin gida da kuɗin makarantar 'ya'ya. Ka je masa da zancen miliyoyi, gobe ba zai ɗaga wayarka ba. Shi ya sa nake bin kaɗan-kaɗan daga hannu da yawa, ta zauren WhatsApp na kowane aji.

Katsinawa ba marowata ba ne, kowa ya ga ciyarwar azumi da ginin masallatai ya san haka. Amma da ka ambaci jami'a sai a ce, "Malam, ai wannan na gwamnati ne, ba ga TETFund ba?" A nan nake daɗewa ina bayani. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati da dokar 2011 ta kafa, daga harajin ribar kamfanoni yake samun kuɗi, kuma gine-gine, bincike da ƙaro karatun malamai yake ɗauka. Jami'o'i masu zaman kansu ma ba sa ciki. Yarinyar da ta zo daga Mashi ko Baure ta rasa kuɗin rajista, ba huruminsa ba ce. Hujjar da ta fi ratsa dattawa ita ce wakafi: a gina shaguna ko ɗakin kwanan ɗalibai, kuɗin haya ya riƙa ɗaukar nauyin marasa ƙarfi, ladan yana gudana bayan ran mai shi.

Abin da ke kashe aikin nan shiru ne bayan an karɓa. Wanda ya ba da ko dubu biyar ce, haƙƙinsa ne ya ga rasit, ya kuma ji inda ta shiga. Sannan tsohon ɗalibin da aka yi wa jeka-ka-dawo kan takardar sakamakonsa, kada ka wahalar da kanka, ba zai ba da ko sisi ba. Rabin lokacina a ofisoshin da ba nawa ba yake tafiya, ina roƙon a sallami mutane da mutunci.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, amma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta na nan da ƙarfinta, don tun suna ɗakin kwana ɗaya suka san juna. Saboda haka bana na fara shiga azuzuwan 'yan shekarar ƙarshe da kaina, ina karɓar lambobinsu kafin bautar ƙasa ta watsa su.