Da kunne ake cin abinci a wasan kwaikwayo

Yawancin matasan da ke zuwa wurina suna son shiga harkar wasa, tambayarsu ɗaya ce: yaya za a yi fuskata ta fito a talabijin? Ni kuwa da na daɗe ina kai-komo tsakanin dandamali da kyamara da makirufo a garin nan na Kaduna, na ga fuska ce ta ƙarshe a lissafi. Kunne ne ke ciyar da ɗan wasa.

A fili na fara, muna zagaya unguwanni da wasannin wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi suna da irin wannan salo tun shekarun 1970, inda malamai da ɗalibai ke shiga ƙauyuka su ji kukan manoma, sannan su mayar da shi wasa a gabansu. A fili babu labule, sau da yawa babu lasifika. Idan muryarka ba ta kai wa mai shayin da ke can gefe ba, ba ka yi komai ba. 'Yan kallon Tudun Wada kuma ba sa kara: da ka gundure su za ka ji an koma cinikin gyaɗa. Don haka kunnenka ɗaya na wajen abokin wasanka, ɗaya na wajen jama'a. In aka fashe da dariya sai ka dakata ta lafa, domin duk maganar da ka yi a cikinta ta bi iska.

Talabijin ba ta da dogon bayani. Zare ido da wurga hannun da ka saba da su a fili, ka rage su, kyamara na dab da hancinka. Ka tuna hannun da carbi yake ciki a ɗaukar da ta wuce. Sauran duk jira ne: jiran wuta, jiran mai, jiran jarumin da ya ce ga shi nan a Kawo alhali bai shiga wanka ba.

A ɗakin ɗaukar murya na san aikin da gaske. Wani dattijo da ya yi zamani a wasannin rediyo ne ke horar da mu, kuma ba ya kallon mai magana, sunkuyar da kai yake ya rufe ido. In sabon shiga ya gama karanta nasa sai ya ce, "Yaro, karatu na ji, ban ji mutum ba. Sake." Ka ce, "Baba, ai abin da aka rubuta ke nan." Ya ce, "Da wa kake magana? Yana gabanka ne ko yana bayan katanga?" Daga gare shi na koyi cewa murmushi ana jin sa a murya, haka ma ƙaryar kuka. Tazarar tafin hannu tsakanin baki da makirufo ita ce hira. Ka ja da baya taku uku, ka zama mai sallama daga zaure. Takarda ba a juya ta, zame ta ake yi a hankali, don makirufo ba ya yafe ƙarar takarda. Akwai farantin yashi a ƙasa na takun tafiya, da kwanon sha da ludayi in za a shiga madafa.

Wannan sana'a tana da tushe a Kaduna. Tun 1962, zamanin Sardauna, aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan, kuma daga nan muryoyi suka shiga gidajen da ba su taɓa ganin dandamali ba. Dubi marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Tsohon soja ne, ya zauna a bariki, kunnensa ya kwashe Hausar bariki da Turancinta na gwamutse, ya kawo su rediyo da talabijin. Mutane ba kakinsa suka haddace ba, maganarsa suka haddace. Haka marigayi Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017, kana wani ɗaki ka ji muryarsa ka san shi ne.

Garin ma kansa makaranta ne. Hausar Bazazzagi daban, da yadda yake sa namiji inda Bakano zai sa mace. Ta mutumin Kafanchan daban, ta Bayarabiya mai abinci daban, ta maƙeran Panteka da ke magana da ƙarfi saboda ƙarar guduma daban. Nakan shiga bas ba don ina da wurin zuwa ba, sai don in ji yadda kwandasta ke faɗa da fasinja kan canji. Amma a nan akwai rami. Kwaikwayon harshen wani don a yi masa dariya aiki ne mai arha, kuma a garin da ya ɗanɗana rikici irin na shekarar 2000, ba abin wasa ba ne. Ni a wurina ma'aunin shi ne: in mai harshen ya ji, zai ce "wallahi haka kawuna ke magana," ko zai kashe rediyon? Sojoji da kansu suna son Samanja.

Yanzu aikin murya ya ƙaru da tallace-tallace da fassarar finafinan Indiya. Fassara wata gwagwarmaya ce: jarumi ya buɗe baki ya rufe cikin daƙiƙa biyu, kai kuma Hausarka na neman huɗu, dole ka datse ta ba tare da ta zama gurguwa ba. Wani lokaci kai ne uban, kai ne ɗan, kai ne ɗan sandan da ya zo kama su.

Sai batun sallama, wanda ba a faɗa wa sababbi. Mai murya ba a san fuskarsa ba, saboda haka da sauƙi a manta da shi ranar biya. Kafin in sa abin saurare a kunne nake gama magana: nawa ne, a gidajen rediyo nawa za a sa tallar, har tsawon wane lokaci. Na taɓa jin muryata tana sayar da kayan wani kamfani shekaru bayan an ce mini ta wata guda ce. Tallar maganin da ke warkar da basir da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya kuwa ba na karɓa, komai tsokar kuɗin, domin tsohuwar da ke saurare a ƙauye ba ta san mai maganin ba, muryata ta sani.