Abin da teburin albashi ya koya mini game da haraji

Aikina lissafin albashi ne a wani kamfani a Kano, kuma da wuya wata ya ƙare ba a zo mini da kukan cewa haraji ya cinye albashi ba. Da yawa da faɗa suke zuwa, hannu rabbana. Wanda yake samun biyan buƙata shi ne mai zuwa da takardun albashinsa a jere, wata bayan wata.

Abin da nake fara dubawa shi ne a kan wane kuɗi aka ɗora harajin. A doka, sai an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, da kuɗin asusun gidaje, da na inshorar lafiya, sannan a lissafa haraji a kan ragowar. Wasu wuraren a kan jimillar albashi suke ɗorawa, ko don rashin sani ko don ganda. Abin da ake zaftarewa a wata ba ya da yawa, shi ya sa ba a lura, sai ya taru.

Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma ba ɗan haya damar a cire masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Nan ne abin yake ba ni takaici. Mutanenmu hannu da hannu suke biyan haya, amana ce kawai tsakaninsu da mai gida, babu rasit. In na tambaya sai a ce, "Haba Malam, Alhaji ne fa, ya zan ce ya rubuta mini?" To ni da me zan kare lissafin idan jami'an haraji suka zo bincike?

Idan hukumar haraji ta jiha ta aiko wa mutum da takardar abin da take binsa bai yarda ba, kwana 30 yake da shi ya kai ƙorafi a rubuce, da hujjojinsa. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya shiga fayil. In ba a daidaita ba, akwai kotun sauraron ƙarar haraji, ta shiyyarmu tana Kaduna. Kuɗin da aka cira fiye da kima kuwa, a iya abin da na gani, ba kasafai yake dawowa tsaba ba, an fi rage shi daga harajin gaba.

Mafi muni shi ne a cire wa ma'aikaci haraji, mai kamfani ya riƙe, alhali ya kamata ya miƙa wa hukuma zuwa 10 ga watan da ke biye. Ma'aikaci ba zai sani ba sai ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekara uku baya, a ce masa sunansa babu ko sisi. Shi ya sa duk Fabrairu nake ce wa abokan aikina su je da lambar harajinsu su duba da kansu, har abin da ni na tura.