Kwalin wasiƙun da suka dawo

Shekarar da aka ɗora mini sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, wanda na gada ya miƙo mini abu uku: hatimi, wani littafin rajista mai baƙin bango da ya sha hannu, da filashi mai ɗauke da fayil ɗin Excel da ya raɗa wa suna "adireshi na ƙarshe 2". Da na tambaye shi ina na ƙarshe na ɗaya, dariya kawai ya yi.

Duk shekara muna buga 'yar mujalla da katin gayyatar babban taro. Matasanmu saƙon WhatsApp ya ishe su. Amma dattawan da suka bar makarantar tun kafin a haife ni, muddin ba su ga ambulan da sunansu a jiki ba, to a wurinsu ba a gayyace su ba, kuma su ne masu gudummawa mai kauri. Don haka na buga adireshin yadda na same su, na manna, na sayi kan sarki, na loda a adaidaita sahu sai babban gidan waya. Na koma gida ina ganin na sauke nauyi.

Bayan 'yan makonni na je buɗe akwatinmu, sai wani ma'aikaci, dattijo mai furfura, ya ce in zagayo ta ciki akwai kayana. Kwalin taliya ne cike da ambulan ɗinmu. Ya zaro ɗaya ya nuna mini. "Malam, dubi wannan don Allah. Alhaji wane, Tudun Wada, Kano. Wace Tudun Wadar? Ta nan cikin gari wajen Nassarawa, ko ƙaramar hukumar Tudun Wada can hanyar Jos?" Ban da amsa. Ya zaro wata an rubuta "kusa da masallaci, Kurna". Ya ce in je Kurna in ƙirga masa masallatai, in na gama in dawo. Da ba mu rubuta adireshinmu a bayan ambulan ba, da ko dawowar ba za su yi ba, in zauna ina zaton kowa ya samu.

Wannan duk kunya ce kawai. Abin da ya fi ci mini rai wata wasiƙa ce da ta isa. Wata baiwar Allah ta kira lambar da ke jikin katin, muka gaisa, ta ce, "Ɗan nan, kai ne sakatare? Alhaji ai shekara uku ke nan da rasuwa. Duk shekara sai kun aiko masa, ni kuma duk shekara sai na yi kuka." Na ce, "Hajiya, don Allah a yi mana afuwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta." Ta ce ba komai, ta san rashin sani ne. A ranar na buɗe fayil ɗin nan da niyyar gyara shi cikin mako guda. Ya ci mini sama da wata uku.

Kafin in taɓa komai na kwafi fayil ɗin na ajiye a gefe, kuma wannan ne ya cece ni daga baya. Matsalar farko da na gani ita ce an cusa komai a gurbi ɗaya: suna, laƙabi, unguwa, lambar waya, har da "ɗan ajin su wane". Na rarraba su gida-gida. Suna daban, lambar gida da layi daban, unguwa daban, gari, jiha, lambar shiyyar gidan waya, waya, sai wani gurbi da na kira kwatance. Da na fara shigar da lambobin waya sai na ga sifirin farko yana ɓacewa, 0803 ta koma 803, domin manhajar tana ɗaukarta a matsayin lissafi. Sai an mayar da gurbin na rubutu tukuna sifirin yake zama.

Sai rikicin rubutun unguwanni. Mu Kanawa muna son taƙaitawa: K/Mata, R/Lemo, T/Wada, S/Gari, G/Dutse, U/Uku. Ɗan gari ya san Ƙofar Mata da Rijiyar Lemo da Goron Dutse ake nufi. Amma "D/K" fa, ko "R/Z" da wani ya rubuta da biro ta dushe? Dawakin Kudu da Dawakin Tofa hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma Rijiyar Zaki tana wajen hanyar Gwarzo, Rijiyar Lemo tana titin Katsina. Wanda ya rubuta "Rijiya" kawai ya bar mai raba wasiƙu a tsakiyar titi. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: wani ya rubuta Ƙofar, wani Kofar, wani K'ofar, kwamfuta kuma tana ganinsu kalmomi uku. In ka nemi mutanen Ƙofar Na'isa sai ta ba ka rabi ta ɓoye rabi. Na tsayar da rubutu ɗaya ga kowace unguwa, cikakke, ba taƙaitawa.

Kuskurena mafi girma a wajen maimaitattun sunaye na yi shi. Akwai maɓallin da ke share duk layin da ya maimaitu, na danna ina jin daɗi, jerin ya ragu. Kwana biyu bayan nan na lura wani malaminmu ya ɓace. Ashe su biyu ne masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ɗaya a Gwammaja ɗaya a Hotoro, tsakaninsu shekara goma sha. Garin neman gira na kusa rasa ido. Su kuwa ainihin maimaicin, maɓallin bai gan su ba sam, don mutum ɗaya ya shigo sau uku: Muhammad a nan, Mohammed a can, Mohd a wani wuri. Wani Abubakar ne a rajista, Garba a bakin 'yan ajinsu. Usman ya zama Shehu, Umar ya zama Faruk. Wani a makaranta sunan garinsu yake amfani da shi, da ya fara aiki ya koma sunan mahaifi. Mata kuwa wasu sun ɗauki sunan miji. Babu manhajar da ta san Garba shi ne Abubakar. Na koma kan kwafin da na ajiye, na jera da lambar waya da shekarar gama makaranta, na bi da ido ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon littafin rajistar nan kuwa tarihi ne zalla. Akwai adireshin da ke cewa "Hadejia, Kano State", alhali tun 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Akwai "Funtua, Kaduna State", Katsina kuwa ta zama jiha tun 1987. Gusau tana nan a ƙarƙashin Sakkwato, Gombe a ƙarƙashin Bauchi, duk da an raba su a 1996. Akwai lambobin wayar tarho na gida masu farawa da 064, irin na kafin zuwan wayar hannu a 2001. Wani adireshinsa na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ne, wadda a 2022 aka sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote. Irin waɗannan a zaune na gyara su. Haka lambar shiyya mai alƙaluma shida: na Kano da 700 suke farawa a cikin birni, babban gidan waya 700001, Dutse 720001, Kaduna 800001, Katsina 820001, Abuja 900001. Yawancin mutanenmu 700001 suke rubutawa ko ina suke a Kano, to wasiƙa dai za ta zo Kano, amma kowace shiyya tana da tata, kuma a kantar gidan waya aka nuna mini na wasu unguwannin da na tambaya.

Adireshin ofis su ne suka fi yaudara, domin a ido sun fi kowanne kyau. Jakar gidan waya ta ma'aikata kaza, lamba kaza, tsaf. Amma mutumin ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce. Wasiƙar tana isa, masinja ya ajiye ta a kan wani tebur, ba ta dawo mana ba, ba ta je hannun mai ita ba. A lissafina ta isa. Haka akwatin gidan waya: haya ce ta shekara-shekara, in mutum ya daina biya ana iya ba wani. Akwai kuma masu adireshin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka daɗe da rufewa. Daga nan na daina yarda cewa rashin dawowar wasiƙa yana nufin ta isa.

Sauran aikin ba na kwamfuta ba ne, na baki ne da ƙafa. Na sayi kati na fara kira. Da farko ina cewa, "Ranka ya daɗe, adireshinka yana nan yadda yake?" kowa sai ya ce yana nan, ko da ya tashi. Sai na sauya tambayar: "Yallaɓai, in zan kawo maka saƙo gobe, yaya zan yi in same ka?" Nan take bakin mutum yake buɗewa. In ka zo sha-tale-tale kaza ka yi hannun dama, layi na uku bayan gidan mai, ka tambayi mai shagon da ke kwana, gida mai jan ƙyaure. Wannan shi ne adireshin gaskiya a Kano. A Nassarawa GRA ko Bompai lamba da sunan titi sun wadatar. A cikin Badala kuwa, lungunan Yakasai da Mandawari da Jakara, ko mota ba ta shiga, kuma sunan gida ya fi lamba aiki: gidan liman, gidan mai unguwa, gidan malam wane. A sababbin unguwanni irin bayan Ɗorayi da Ɗanbare da Mariri, sau da yawa lambar fuloti ce kawai, wani gidan ma lamba biyu ce a bangonsa, kowace da hukumar da ta rubuta ta.

Shi ma kwatancen yana tsufa. Wanda ya ce "daidai randabawul na Dangi" ya yi maganar ne kafin a yi gadar sama da ta ƙasa a wurin. Bishiyar da ake kwatance da ita an sare, gidan man ya sauya suna. Shi ya sa na ƙara gurbi biyu waɗanda yanzu nake ganin sun fi sauran daraja: ranar da aka tabbatar, da bakin wanda ya tabbatar. Adireshin da mai shi ya faɗa mini da kansa bara, ba ɗaya yake da wanda wani ya ce "ina jin har yanzu yana Sheka" ba.

Lambobi da yawa ba sa shiga. Wasu an rufe su a lokacin haɗa layi da lambar NIN da aka fara a ƙarshen 2020, wasu kuma kamfani ya sake sayar da layin bayan an daɗe ba a amfani da shi. Na kira wani dattijo, wata yarinya ta ɗauka daga wata jihar kudu, ba ta jin Hausa, ni kuma na dage ina tambayarta ko Baba yana kusa. Ga irin waɗannan sai na nemi mutum ɗaya a kowane aji, wanda ba ya rasa ɗaurin aure da jana'iza. Kowane aji yana da irinsa. Na tura masa sunayen 'yan ajinsu kawai, cikin kwana biyu ya dawo mini da labari: wannan ya koma Abuja wajen 'ya'yansa, wannan yana Saudiyya, wannan Allah Ya yi masa rasuwa da azumin bara. Abin da na yi mako uku ina fama, shi a zaune a majalisa ya gama shi. Wasu Asabar ɗin kuma na shiga gari da kaina, in lungu ya rikice mini in nemi gidan mai unguwa. Matambayi ba ya ɓata, amma a shirya wa doguwar gaisuwa da tambayar dalilin neman mutum, kuma suna da gaskiya.

Ban goge kowa ba. Waɗanda suka rasu na mayar da su shafi na daban, ana karanto sunayensu a yi musu addu'a a wajen taro, kuma in iyali suna son mujallar sai a aika da sunan iyalan marigayi, bayan an tambaye su. Waɗanda aka rasa inda suke suna wani shafin, ba na ɓata kan sarki a kansu. Na kuma raba jerin bisa hanyar aikawa. Masu akwati da na wasu jihohi ta gidan waya, takardu masu muhimmanci da rajista don a sa hannu. Na cikin gari na tara su unguwa-unguwa na ba wakilan aji, lambar waya a rubuce ƙarƙashin adireshi. Na garuruwan kusa wasu sun ce a ba direba a tasha a kira su, haka suka saba.

Da jerin ya yi kyau sai ya yi farin jini. Wani ɗan ƙungiya mai neman kujera ya aiko a tura masa, wani mai sayar da filaye ma haka. Na ce a'a. Mutane sun ba ni kwatancen ƙofar gidajensu ne don mujalla, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ɗaya daga cikinsu har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

A zagaye na gaba wasiƙun da suka dawo ba su cika hannu ɗaya ba. Dattijon gidan wayar ya miƙo mini su yana murmushi, ya ce wannan karon ba a buƙatar kwali. Ɗaya daga ciki ta mutumin Tudun Wadar nan ce. Na yi ta bincike na gano ta cikin gari ce, na samo layi da lamba, na rubuta komai daidai. Ashe wata biyu kafin nan ya sayar da gidan ya koma Janguza.