Eurail ko tikiti ɗaya-ɗaya: lissafin da ya kamata a yi tukuna

Jama'a, mai shirin zaga Turai a jirgin ƙasa ya zauna ya yi lissafi kafin ya sayi Eurail, wato katin da ke ba ka damar hawa jiragen ƙasa na wasu kwanaki ba tare da sayen tikitin kowace tafiya ba. Katin na waɗanda ba mazauna Turai ba ne, mazauna can Interrail suke saya. Yana aiki a ƙasashe 33, kana zaɓar kwanakin tafiya 4, 5 ko 7 cikin wata guda, ko 10 ko 15 cikin wata biyu.

Raba kuɗin katin da yawan kwanakin, ka gwada da farashin tikitin kowace tafiya. Sai dai katin ba ya ba ka kujera a jirage masu gudu irin TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya, AVE na Sifen da Eurostar mai zuwa Landan, haka ma a jiragen dare. Waɗannan sai ka biya kuɗin kama kujera daban, kuma kujerun masu katin a Eurostar ƙayyadaddu ne, suna ƙarewa da wuri lokacin zafi. Nan mutane suke shan mamaki, abin kuma akwai ciwo.

A Jamus, Ostiriya da Suwizalan kuwa, yawancin jirage hawa kawai za ka yi, katin yana biyan kansa. In ranakunka a tsaye suke, tikitin rangwame na Sparpreis na Deutsche Bahn, kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, da aka saya makonni kafin tafiya yakan fi araha, amma na wannan jirgin ne kaɗai, in ka makara ya tafi da kuɗinka.

Ka saka kowace tafiya a manhajar katin, wato Rail Planner, kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. In kuma za ka hau Eurostar zuwa Landan, ka sani bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta kai ka can.