Godiya bayan an sallamo Auta

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sallamo Auta, yanzu haka yana ɗakin Hajiya yana barci. Kwana 11 muka yi a bencin asibiti, ni kam har yanzu ƙafafuna a kumbure suke. Duk kun ji abin da ya faru, injin ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ne ya mutu a sama, ya yi saukar gaggawa a gona.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Auta ya ce da injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke, shirun ne ya fi razana shi, ba ya jin komai sai iska. Tankunan man irin jirgin nasa, Cessna 172, a cikin fikafikai suke, in murfi bai zauna daidai ba, iskar da ke bi ta sama sai ta riƙa zuƙe man tana watsarwa. Abin da ake zato ke nan, don an ga shuɗin tabon mai a bayan fiffike, masu bincike dai suna kan aikinsu. Allah da ikonsa, irin jirgin nan ba ya rikitowa kamar dutse, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin wajen mita 9 a gaba. Yana hango Dutsen Kufena na Zariya ya san ba zai kai filin jirgi ba, sai ya zaɓi gonar dawa, ya bi tsawon kunyoyi yana salati.

Baba mai gona, na san ba ka son a ambace ka, ka gafarce ni. Kai ka fara isa, ka warware rawaninka ka ɗaure masa goshi, ka hana kowa ƙyasta ashana a wurin. Da Yaya ya kai maka kuɗin dawar da ta lalace, cewa ka yi, "Ɗana ya sauka a gonata in karɓi kuɗi?" Allah ya jiƙan mahaifanka, ya albarkaci zuri'arka, ya cika rumbunka, ya sa Aljanna ce makomarka.

Mai a-daidaita-sahun da ya ƙi karɓar ko sisi, nas ɗin dare, maƙwabtanmu na Tudun Wada da ba su bar kulolinmu sun bushe ba, Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku daga tashin hankali irin wannan.

'Yan uwa na Kaduna, mun ga saƙonninku a WhatsApp. Hajiya ta yi ta duban ƙofa, hanyar kuwa ba ta kai awa biyu ba.

Masu zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, likita ya ce ya samu barci.